Yadda Ake Inganta Kayan Sauti na Gida Ba Tare da Kashe Kuɗi Masu Yawa Ba

Mafi yawan mutanen da ke kawo mini ƙorafin cewa rediyonsu ko sifikarsu ba ta da daɗin ji, sun riga sun yanke shawarar sayen sabuwa tun kafin su san abin da ke damun tsohuwar. A garuruwanmu na karkarar Kano da Jigawa, inda kuɗi ke shigowa hannu galibi bayan kaka, kuma wutar lantarki ba ta da tabbas, sayen babban kaya a lokaci guda shi ne hanya mafi tsada, kuma ba kasafai take biyan buƙata ba. Kowane kayan sauti sassa huɗu ne a haɗe: inda sautin ke fitowa, wato waya ko memori ko tashar rediyo, sai amfilifaya mai ƙara masa ƙarfi, sai sifika, sai kuma wutar da ke tafiyar da su. Sashen da ya fi rauni a cikinsu shi ne yake ƙayyade abin da kunnenka zai ji, saboda haka aikin duka shi ne ka gano wannan sashen, ka zuba kuɗinka a kansa shi kaɗai.

Kayan da za ka tanada

Kana buƙatar sukundireba biyu, mai baki ɗaya da mai baki huɗu, da filaya, da salatif baƙi na masu aikin wuta, da batirin tocila guda ɗaya mai bolt 1.5, da buroshin fenti ƙarami mai laushi, da iyafis mai kyau, da wayar da ake haɗa wayar hannu da amfilifaya mai kai irin na iyafis. Idan za ka sami aron mitar awon wuta a wurin mai gyaran rediyo ko mai cajin waya, to ta rage maka rabin wahalar, amma idan ba ta samu ba, batirin tocilar zai yi maka mafi yawan gwaje-gwajen. Ka kuma zaɓi abubuwa uku da ka san sautinsu sosai ka ajiye a memori guda: karatu ko wa'azi mai tsabtar murya, waƙa mai ganga ko kalangu, da kuma wata mai kayan kiɗa masu siririn sauti. Da waɗannan ukun za ka riƙa gwada komai, a gida da kuma a kasuwa.

Mataki na 1: Tantance abin da kake so kayan su yi

Wanda burinsa ya saurari labaran safe da tafsiri a ɗakinsa bai buƙatar abin da mai son kiɗa ya cika tsakar gida ranar suna yake buƙata. Murya tana son sifika mai tsabta ko da ƙarama ce, kiɗa a fili kuwa yana cin wuta kuma yana son babbar sifika, domin babu bangon da zai mayar da sautin. Ka tsayar da abu ɗaya wanda za ka yi kullum, ka gina kayan a kansa. Don biki na shekara sau ɗaya, haya ta fi saye arha.

Mataki na 2: Gano sashen da ke da rauni

A nan ne ya kamata ka daɗe, domin duk abin da zai biyo baya ya dogara da shi. Fara da tushen sautin: saka iyafis a wayarka ka saurari abin da ka saba kunnawa. Idan a iyafis ma muryar tana shaƙewa ko tana fitowa kamar daga cikin ruwa, to laifin na fayil ɗin ne, kuma babu sifikar da za ta gyara shi. Yawancin karatu da waƙoƙin da ake turawa daga waya zuwa waya, ko waɗanda masu tura waƙa a kasuwa ke lodawa, an matse su ne domin su yi yawa a memori. Fayil ɗin MP3 da aka matse zuwa 64 kbps, wato ma'aunin yawan bayanan sautin da ke cikin kowace daƙiƙa, yana rasa siririn sauti, na 128 kbps yana da dama, na 192 zuwa sama kuwa ya wadatar da kowane kayan gida. Kyakkyawar sifika ma sai ta ƙara tona asirin mummunan fayil.

Idan tushen lafiya lau yake, koma kan sifikar. Cire wayoyinta daga amfilifaya, ka taɓa su a kan batirin tocila na ɗan lokaci kaɗan. Lafiyayyiyar sifika za ta yi ƙara "ɗas", kuma za ka ga takardarta ta motsa. Idan ta yi shiru, ko dai waya ta tsinke ko kuma koyil, wato naɗin siririyar wayar da ke cikinta, ya ƙone. Kada ka yi wannan gwajin a kan ƙaramar sifikar da ke fitar da siririn sauti, wadda ake kira tiwita, domin wayar cikinta ba ta da ƙwarin ɗaukarsa. Bayan haka ka ɗora yatsu huɗu a kewayen tsakiyar takardar, ka danna a hankali kuma daidai wa daida. Ya kamata ta shiga ta dawo ba tare da wani ƙara ba. Idan ka ji tana gurza kamar akwai yashi a ciki, koyil ɗin ya kumbura saboda zafi ko ya karkace, kuma shi ne ke jawo kakarin da kake ji idan ka ƙara murya. Duba kuma zoben soso ko roba da ke gefen takardar, saboda zafin watan Afrilu da Mayu yana busar da shi har ya riƙa marmashewa. Mai mita zai iya auna sifikar kai tsaye: wadda aka rubuta mata om 8, wato ma'aunin turjiyar da take yi wa wuta, takan nuna tsakanin 6 da 7, mai om 4 kuma takan nuna 3 da ɗan wani abu, wannan kuwa daidai ne, ba alamar lalacewa ba.

Amfilifaya ana gane laifinsa ne ta hanyar musanya. Idan gefe ɗaya ne ba ya magana, ka sauya sifikun biyu, ta dama ta koma hagu. Idan matsalar ta bi sifikar, to ita ce mai laifi. Idan ta tsaya a gefen da take, amfilifayan ne. Ƙarar "kar-kar" lokacin da kake murɗa maɓallin murya kuwa ƙurar hunturu ce kawai ta shiga cikinsa, kuma mai gyara zai wanke shi ko ya canja shi da kuɗi kaɗan. Idan kuma sautin yana da kyau a ƙaramar murya amma yana fashewa da zarar ganga ta buga, kuma fitilar jikin kayan tana dusashewa tare da bugun, to ka zargi wutar kafin ka zargi komai.

Mataki na 3: Gyaran da ba ya cin ko sisi

Kafin ka tafi kasuwa, ka gyara zaman kayan. Sauke sifikun daga saman kabad, ko ka ɗaga su daga ƙasa, su zo daidai da kunnen mutumin da ke zaune, domin siririn sauti miƙe yake tafiya, ba ya lanƙwasa ya nemo ka. Raba su da juna kamar taku biyu zuwa uku, ka ɗan karkato fuskokinsu zuwa inda kake zama. Idan kana son ƙarin bes, matsar da su kusa da bango. Idan bes ɗin ya yi yawa har yana rufe magana, janye su daga kusurwa da kamar kamu biyu.

Sai ka duba yadda aka ɗaura wayoyin. Jar waya ta tafi daga jan baki na amfilifaya zuwa jan baki na sifika, baƙa kuma zuwa baƙi, a duka ɓangarorin biyu. Idan aka juya ɗaya, takardar wannan tana fita yayin da ta waccan ke shiga, sai bes ɗinsu ya cinye juna, ka ji sauti fayau ba nauyi. Wannan kuskuren na same shi a gidaje da yawa, kuma masu gidan har sun fara tara kuɗin sayen babbar sifikar bes. Inda alamun suka goge, batirin tocila zai nuna maka: wayar da idan ka ɗora ta a bakin batirin mai alamar +, ɗayar kuma a gindinsa, takardar ta turo waje, ita ce ja. Ka yanke bakin wayoyin da suka yi tsatsa ko kore, ka feƙe sabo, ka murɗe silin sosai don kada ko ɗaya ya taɓa maƙwabcinsa, saboda sili guda ya isa ya ƙona amfilifaya.

Shi ma ɗakin yana da nasa rabon. Ɗakin ƙasa mai rufin azara yana shanye amsa-kuwwa, shi ya sa rediyo ƙarama ke yin daɗi a cikinsa. Ɗakin bulo mai daɓen siminti da rufin kwano ba silin kuwa yana mayar da kowace kalma sau biyu. Darduma ko tabarma a ƙasa, labule mai kauri a taga da ƙofa, da katifa a jingine a bangon da ke fuskantar sifikun, suna gyara sauti fiye da abin da mutum zai yi zato. Idan kwanon rufin ne ke karkarwa, ka nemi ƙusar da ta saki.

Ga mai sauraron tashoshin FM daga nesa, misali wanda ke ƙauyukan Ringim ko Gaya yana kamo Freedom Radio a kan 99.5, shuwar da yake ji matsalar eriya ce. Ka yanki waya biyu, kowace santimita 75, ka miƙe su a kan sanda ɗaya suna kallon gabas da yamma ko kudu da arewa, ka ɗaga sandar sama da rufin, ka sauko da su zuwa rediyon da wayar eriyar talabijin, sannan ka riƙa juya sandar har shuwar ta ɗauke. Da damina ka cire ta daga jikin rediyon duk lokacin da hadari ya taso, saboda tsawa.

Mataki na 4: Daidaita wutar

A ganina, a karkara nan ne kuɗin farko ya kamata su tafi. Wutar layi a Najeriya bolt 230 ce a ƙa'ida, amma a ƙarshen dogon layi takan sauko ƙasa sosai, ta kuma dawo da ƙarfi ba sallama. Ƙaramin janareta ma yakan yi sama da ƙasa duk lokacin da aka kunna masa wani abu mai nauyi. Idan kayanka na wutar layi ne, ka sa musu sitabilaiza mai jinkirta kunnawa, kuma ka saba da zare filogi da zarar an ɗauke wuta. A kan janareta, bari ya tashi ya daidaita kafin ka jona kayan, kuma ka kashe kayan kafin ka kashe shi.

Hanyar da na fi ba mutane shawara ita ce su bar wutar layi gaba ɗaya su koma batir mai bolt 12, domin wutarsa a daidaice take kuma ba ta da gurnani. Lissafin ba wuya: batir mai bolt 12 da 7Ah, wato amfiya 7 na awa guda, yana ɗauke da wat 84 na awa guda, amma irin wannan batirin na dalma ba a son a zuƙe fiye da rabinsa idan ana so ya yi ƙarko, saboda haka ka ɗauka kana da 42. Ƙaramin amfilifaya a muryar ɗaki yana cin abin da bai fi wat 5 ba, ke nan za ka sami kimanin awa takwas. Farantin sola mai wat 20 zuwa 30 ya isa ya mayar masa da abin da ya rasa a yini guda, muddin kana goge masa ƙura. Kada ka haɗa farantin da batirin kai tsaye; sa kwantirola, wato na'urar da ke daidaita caji, a tsakani, kuma wajen haɗawa ka fara jona batirin da kwantirolar kafin farantin. Sa fiyus mai amfiya 5 a kan jar waya dab da batirin, domin ƙaramin batir ma yana iya narkar da waya ya kama labule. Wanda ba shi da halin sola yana iya kai batirin wurin mai caji ranar kasuwa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a sayi ƙaramar inbata mai arha don a kunna kayan sauti, saboda tana ɓarnar wuta, kuma galibi tana shigar da zuzzurfan gurnani cikin sifika.

Mataki na 5: Sifika kafin amfilifaya

Idan wuta ta daidaita kuma akwai ragowar kuɗi, sifika ce ta biyu, domin ita ce ta fi kowane sashe canja sautin. Ka fara tambayar mai gyara ko tsohuwar za ta gyaru, saboda canja zoben gefe ko naɗa sabon koyil ya fi sayen sabuwa sauƙi, musamman idan tsohuwar mai nauyin maganaɗisu ce irin ta manyan rakodojin da.

Idan saye ya zama dole, to ka kawar da idonka daga manyan lambobin da ke jikin kwali. Inda ka ga an rubuta wat 2000 ko 5000 tare da haruffan PMPO, wannan lamba ce ta talla wadda ba ta da tsayayyen ma'auni. Abin dubawa shi ne RMS, wato ƙarfin da kaya ke iya bayarwa ko ɗauka a kai a kai, kuma wat 15 zuwa 20 na RMS a kowane gefe sun ishi ɗaki da falo. Akwai kuma abin da 'yan kasuwa ba sa faɗa: ninka wat sau biyu ƙari kaɗan yake yi wa ƙarar, abin da masana ke aunawa da desibel 3, kuma kafin kunne ya ji ƙara ta ninka, sai an ninka wat kusan sau goma. Sifikar da aka rubuta mata 91 dB, wato desibel 91, rabin wuta kawai take buƙata don ta ba da ƙarar da mai 88 dB za ta bayar, wanda hakan ke nufin batirinka zai fi daɗewa.

Wanda kuɗinsa ba su da yawa yana da mafita mai kyau a sifikun mota na hannu, irin waɗanda ake samu wurin masu kayan mota a Kofar Ruwa cikin Kano, ko wurin masu wayarin ɗin mota a manyan garuruwa. Galibinsu om 4 ne, an yi su don wutar bolt 12, kuma da yawa suna zuwa da tiwita a jikinsu. Sai dai sifika tsirara ba ta da bes, saboda iskar bayanta tana zagayowa ta kashe ta gabanta, don haka dole a yi mata akwati. Ka sa kafinta ya yi shi da filawud mai kauri, ya shafa gam a kowace mahaɗa kafin ya buga ƙusa, kada ya bar ko ƙaramar kafar da iska za ta fita, sannan a cika kusan rabin cikinsa da auduga ba tare da an danna ta ba. Ka guji katakon garin katako da aka matse, domin laimar damina tana kumbura shi. Idan ka ƙara tiwita daban, dole ka sa mata kafasita, wato ɗan kayan wutar da ke tare mata bes, marar kai da gindi, wadda aka rubuta wa kimanin 3.3 zuwa 4.7 µF a jikinta, a kan jar wayarta, in ba haka ba bes zai ƙona ta nan take. Ita kuwa lasifikar ƙaho irin ta masallaci an yi ta ne don kai murya nesa, ba ta da bes ko kaɗan, kuma a ɗaki sai dai ta sa ciwon kai.

Mataki na 6: Zaɓen amfilifaya da haɗa shi

Amfilifayoyin zamani ƙanana, waɗanda ake kira Class D, ba sa zafi sosai kuma ba sa ɓarnar wuta, saboda haka su ne suka dace da batir. Mai ɗauke da ɗan ƙwayar lantarki mai lamba TPA3116 yana aiki da bolt 12 har zuwa 24. A kan batir mai bolt 12 zai ba ka kimanin wat 15 a kowane gefe da sifika mai om 4, idan kuma ka sami tsohuwar cajar kwamfutar cinya mai bolt 19, ƙarfinsa zai ninka ko ya fi. Da yawa suna zuwa da Bluetooth da wurin memori da FM a haɗe. Ga ɗan ƙaramin ɗaki da sauraron labarai kawai, akwai PAM8403 mai wat 3 a kowane gefe, wanda ke aiki da bolt 5 daga fawa-bank. Shi kam kada ka kuskura ka ba shi bolt 12.

Ka karanta bayan amfilifayan ka ga mafi ƙarancin om da yake ɗauka, kada ka sauka ƙasa da haka. Sifiku biyu masu om 8 idan aka haɗa su ja da ja, baƙi da baƙi, sun koma om 4, wanda yawancin amfilifayoyi ke ɗauka. Biyu masu om 4 a irin wannan haɗin sun koma om 2, kuma nan ne ake ƙona kaya, musamman idan yara suka ƙaro sifika don a ji a zaure. Idan dole ne ka ƙara, ka jera su bi da bi, baƙin ta farko ya shiga jan ta biyu, sai om ɗinsu ya taru ya zama 8. A irin waɗannan ƙananan amfilifayoyin kada ka haɗa baƙar wayar dama da ta hagu wuri ɗaya, kuma kada ɗayansu ta taɓa baƙin batir. Wajen jona wuta ka duba ja da baƙi sau biyu, domin juya su na ƙiftawar ido ya isa ya kashe amfilifayan. Wayar sifika kuwa ba sai mai tsada ba. Wayar wuta ta jan ƙarfe mai kaurin 1.5 ta wadatar, sai dai ka kankare silin da wuƙa a gaban mai shagon, idan ya yi fari a ciki, to alminiyam ne aka yi wa rufi.

Mutane suna zaton babban amfilifaya ne ke ƙona sifika, alhali ƙaramin da aka murɗe har ƙarshe ya fi yin wannan ɓarnar, domin idan ya gaza sai ya riƙa fitar da gurɓataccen sauti mai dafa tiwita. Da ka ji murya ta fara tsagewa, ka rage. Amfilifayan wutar layi kuwa kada ka buɗe cikinsa ko da ka zare filogi, saboda manyan kafasitocinsa suna riƙe wuta bayan an kashe.

Mataki na 7: Yadda za ka yi a kasuwa

A kasuwannin mako irin na Wudil ranar Juma'a, Dambatta ranar Lahadi ko Maigatari ranar Alhamis ana samun kayan hannu da arha, amma mai kayan ba lallai ka sake ganinsa ba, saboda haka duk gwajin a nan take za ka gama shi. A Sabon Gari cikin Kano zaɓi ya fi yawa, kuma kana iya karɓar rasit tare da sharaɗin musanya. Ko ina ne, ka tafi da memorinka da batirin tocilarka. Mai shago zai so ya kunna maka tasa waƙar mai bes da babbar murya, ka ce masa, "Alhaji, a yi haƙuri a sa nawa, kuma a rage murya." Saurari karatun tukuna a ƙaramar murya, ka ji ko haruffa irin su sin da shin suna fita daban-daban, sannan ka sa mai ganga ka ƙara a hankali har inda sautin ya fara fashewa. Bar shi yana aiki kamar minti goma, ka taɓa jikinsa, ka kuma sansana bayansa ko akwai ƙaurin ƙuna. Kada ka kashe kuɗin hannunka duka a kan kayan, ka ware na waya, fiyus, kafinta da mota.

Mataki na 8: Kare abin da ka haɗa

Abokan gaban sifika a ƙauye su ne ɓera, gara, zanzaro da ƙura. Ɓera yana cin takardar, saboda haka ka sa ragar sauro ta ƙarfe a fuskar akwatin. Zanzaro yana gina ɗakinsa na laka a ramin bes da ake yi wa wasu akwatunan sifika, da cikin amfilifaya, don haka ramin ma ka rufe shi da raga. Ɗora akwatunan a kan bulo ko benci, kada su taɓa ƙasa ko bangon ƙasa inda gara za ta hau. Da hunturu ka lulluɓe kayan da zane idan an kashe su, ka yaye idan za a kunna don su sha iska, kuma ka riƙa share ƙurar da buroshi, ba da jiƙaƙƙen tsumma ba. Batirin kuma kada ya kwana a zuƙe. Ko ba ka amfani da shi, ka yi masa caji aƙalla sau ɗaya a wata, ka ajiye shi a inuwa nesa da murhu.